Tambaya da Amsa: Wasannin Oktoba na Besbol, Tsohuwar Hamayya da Raunin 'Yan Wasa

Wasiƙun wannan karon sun karkata ne ga besbol ɗin Amurka, musamman wasannin fitar da gwani da ake yi a watan Oktoba. Don mu fahimci juna: majefi shi ne wanda ke tsaye a kan tudu yana jefa ƙwallo, mai sanda shi ne mai dukanta, tasha ita ce kowace kusurwa da ake gudu a taka, zango kuma shi ne kowane kashi daga cikin tara na wasa, kuma idan an yi kunnen doki ana ƙara zango bayan na tara.

Assalamu alaikum. A 2022 Dodgers ta ci wasa 111 cikin 162, amma San Diego Padres mai nasara 89 ta fitar da ita cikin wasa huɗu kacal. Wane irin tsari ne wannan da mai ƙarfi ke faɗuwa haka? Daga wani mai karatu a Kano.

Wa'alaikumus salam, Malam. Tun 2022 ƙungiyoyi 12 ne cikin 30 ke kai wa Oktoba, shida daga American League, shida daga National League. Biyun da suka fi yawan nasara cikin zakarun shiyya a kowane ɓangare suna hutawa a zagayen farko. Sauran huɗun su kara, wanda ya fara cin wasa biyu ya wuce, kuma duk wasannin a filin wanda ke sama ake yin su. Zagaye na biyu sai an ci uku cikin biyar. Na uku, da kuma World Series, wato zagayen ƙarshe na ɗaukar kofi, sai an ci huɗu cikin bakwai.

To ka duba lissafin Dodgers ɗin kanta: ta ci 111, an ci ta 51. Wato kusan kowane wasa uku tana faɗuwa a ɗaya, kuma wannan ita ce ƙungiyar da ta fi kowa a shekarar. A besbol, rasa wasa uku cikin huɗu abu ne da kan sami kowa a tsakiyar kaka ba tare da an ɗaga ido ba. Idan ya faɗo a Oktoba ne yake zama jana'iza.

Sai batun majefa, wanda shi ne ƙashin bayan duk abin da za mu faɗa a yau. A kakar wasa ƙungiya na juya majefa biyar masu buɗe wasa, kowanne ya yi jifa kusan 100 sannan ya huta kwana huɗu. Ƙungiyar da ke da na huɗu da na biyar masu kyau ita ke tara nasarori daga Afrilu zuwa Satumba. A Oktoba kuwa akwai ranakun tafiya a tsakanin wasanni, don haka majefa uku ko huɗu sun isa buɗe wasa, a haɗa da masu karɓa, wato majefan da ke shiga bayan mai buɗe wasa ya sauka, uku ko huɗu da koci ya fi yarda da su. Ƙungiya mai rauni a na biyar ta ɓoye rauninta ke nan. Haka kuma idan ƙungiya ta rasa majefinta na ɗaya a ƙarshen Satumba, nasarorin da ta tara ba za su jefa mata ƙwallo ko ɗaya ba.

Ina jin ana cewa babu gaba kamar ta Yankees da Red Sox, kuma ana yawan ambaton safa mai jini. Mene ne asalin abin? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Malam, tushen yana komawa ƙarshen 1919, lokacin da Boston Red Sox ta sayar wa New York Yankees da Babe Ruth. Boston ta ɗauki kofi a 1918, ba ta sake ba sai bayan shekara 86, alhali Yankees ta yi ta jera kofuna. A 2003 sun haɗu a zagayen kusa da ƙarshe, aka kai wasa na bakwai, Aaron Boone na Yankees ya buga ƙwallon da ta tsallake katanga a zango na 11 ya kori Boston. Shi Boone ɗin a Janairun 2004 ya tsinka jijiyar gwiwarsa wajen wasan ƙwallon kwando, kuma gurbin da ya bari ne ya buɗe wa Yankees hanyar ɗauko Alex Rodriguez. Ka ga tun daga nan rauni ya shiga labarin.

A 2004 suka sake haɗuwa. Yankees ta ci ukun farko, na ukun ma da 19 da 8. A wasa na huɗu, zango na tara, Boston na baya da maki ɗaya, Dave Roberts ya saci tasha ta biyu, wato ya ruga ya taka ta ba tare da jiran a daki ƙwallo ba, a gaban majefin Yankees Mariano Rivera, aka rama, David Ortiz ya gama wasan a zango na 12. Washegari ya sake gamawa a zango na 14. Boston ta ci huɗu a jere, kuma ita kaɗai ce a tarihin gasar ta taɓa dawowa daga ci uku ba ko ɗaya har ta yi nasara.

Safar ta majefin Boston Curt Schilling ce, a wasa na shida. Abin da ya same shi ba karaya ba ce. A bayan idon sawu ta waje akwai jijiyar da ke wucewa cikin wani kwararo, da tantanin da ke riƙe ta. Tantanin ne ya yage a ƙafarsa ta dama, sai jijiyar ta riƙa zamewa tana hawa kan ƙashi duk lokacin da ya taka. Ga majefi mai hannun dama, ƙafar dama ce ke tunkuɗa jiki daga tudu, daga nan ƙarfin jifa ke tasowa. Shi ya sa a wasan farko aka ci shi maki shida cikin zango uku. Likitan ƙungiyar, Bill Morgan, ya ɗinke fatar wurin da naman da ke ƙasa, ɗinkin ya zama kamar shinge da ke hana jijiyar motsi. Jinin da aka gani daga ɗinkin yake tsattsafowa. Ya yi zango bakwai, maki ɗaya kawai aka ci shi. Bayan wasa aka warware zaren don gudun ruɓewa, aka sake yin ɗinkin a World Series, wadda Boston ta share St. Louis huɗu ba ko ɗaya.

Abin da masu ba da labarin kan tsallake shi ne kuɗin da jikinsa ya biya. An yi masa tiyata bayan kakar, kuma 2005 ta zame masa shekarar jinya da faɗi-tashi, har sai da aka mayar da shi cikin masu karɓa na wani lokaci. Ɗinkin dabara ce ta dare ɗaya, ba magani ba ne.

Hamayyar ba ta mutu ba: Boston ta kori Yankees a 2018 da 2021, Yankees ta rama a 2025. Roberts da Boone kuma su ne kociyoyin Dodgers da Yankees da suka fuskanci juna a World Series ta 2024.

Idan ɗan wasa ya ji ciwo ana tsakiyar karawa, ana iya sauya shi? Me ya sa nake ganin ana ajiye wanda ko gudu ba ya iyawa? Daga wani ɗan'uwa a Kumasi.

Ana iyawa, ɗan'uwa, amma da sharaɗi mai nauyi. Kafin kowane zagaye ƙungiya na miƙa sunayen mutum 26, majefa ba su wuce 13 ba. Idan wani ya ji rauni, sai a nemi izinin ofishin kwamishinan gasar, likitocinsu su duba. Idan an yarda, majefi ne ke maye majefi, ɗan fili ya maye ɗan fili. Wanda aka cire kuma ya rasa sauran wannan zagayen da dukan zagaye na gaba. Sassauci ɗaya shi ne na wanda ya bugu a ka, shi yana da nasa tsarin na kwana bakwai. Sannan ba a zuwa kasuwa a Oktoba: wanda aka sayo daga wata ƙungiya bayan 1 ga Satumba ba zai buga ba.

Wannan sharaɗin ne amsar tambayarka ta biyu. Idan tauraro ya ji ciwon da zai warke cikin kwana biyar a zagayen kusa da ƙarshe, cire shi na nufin babu shi a World Series. Sai koci ya gwammace ya yi wasa da mutum 25, ya bar shi a benci ko don duka ɗaya. Misalin da aka fi sani shi ne Kirk Gibson na Dodgers a 1988: ciwo a ƙafafu biyu, ya fito sau ɗaya tak a World Series gaba ɗayanta, ya tsallakar da ƙwallon majefin Oakland Dennis Eckersley katanga ya ci musu wasan farko.

A World Series lissafin yakan sauya, tunda babu zagaye na gaba, tambayar kawai ita ce ko zai tashi kafin a gama. A 2023 Texas Rangers ta rasa Adolis García da Max Scherzer a wasa na uku, ɗaya kwiɓi ɗaya baya, ta cire su nan take, kuma ta ɗauki kofin da huɗu da ɗaya. A 2025 Toronto ta ƙi cire George Springer da ya ji ciwo a kwiɓi a wasa na uku, ya zauna wasa biyu, ya dawo a na shida.

Ƙarfe nawa ne wasannin a wajenmu? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Wasan da aka sa ƙarfe 8 na dare agogon New York yana kamawa ƙarfe 1 na dare a Najeriya da Nijar, ƙarfe 12 na dare a Gana. Idan an kai Lahadin farko ta Nuwamba suna mayar da agogonsu baya, sai ka ƙara awa ɗaya. Ka ware awa uku. Kuma ka sani a Oktoba ba a ɗora ɗan gudu kyauta a tasha ta biyu idan an yi kunnen doki, kamar yadda ake yi a kakar wasa, don haka abin kan ja. Wasa na uku na World Series ya kai zango 18 a 2018, ya sake kaiwa a 2025.

Kullum sai na ji an ce majefi kaza zai yi Tommy John, ya tafi shekara guda da rabi. Wace irin tiyata ce, kuma me ya sa mai sanda ke dawowa da wuri? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Malama, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a cikin jakar. Ki miƙe hannunki tafin na kallon sama, ki taɓa gefen gwiwar hannu da ke kusa da jikinki. A nan akwai wata gajeriyar jijiya da ke ɗaure ƙashin dantse da ɗaya daga cikin ƙasusuwan damtsen ƙasa. Lokacin da majefi ya kai hannu baya iyakar baya, kafaɗa ta fara yin gaba, ƙwallo kuma tana baya tukuna, gwiwar hannu na neman buɗewa ta wannan gefen. Nauyin da ke sauka a kan jijiyar a kowane jifa mai ƙarfi yana dab da abin da za ta iya ɗauka. Tsokokin da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ne ke taya ta. Idan sun gaji, kayan ya koma kanta ita kaɗai. Yawanci ba rana ɗaya take tsinkewa ba, sannu a hankali take zarewa kamar tsohuwar igiyar guga, sai jifa ɗaya ya ƙarasa ta.

Tazarar tudu da mai sanda mita 18.44 ce, ƙwallon gram 145 ko kusa da haka, kuma manyan majefa na aika ta da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Gwargwadon ƙaruwar gudun, gwargwadon nauyin da ke kan jijiyar. A Oktoba kowa na jifa da iyakar ƙarfinsa, bayan wata shida na aiki.

Sunan na majefin Dodgers ne, Tommy John, wanda likita Frank Jobe ya fara yi wa aikin a 1974. Ba a ɗinke tsohuwar jijiyar, sabuwa ake dasawa. Ana ciro wata jijiya da jiki zai iya rayuwa babu ita, galibi daga wuyan hannu (wasu mutanen ma ba a haife su da ita ba, sai a ɗauko daga bayan cinya), a huda ramuka a ƙasusuwan biyu, a zura ta a ɗaure. John ya dawo a 1976, ya ci wasa 164 bayan tiyatar, bai yi ritaya ba sai 1989.

Jinkirin daga dashen yake. Sai ya manne da ƙashi, jini ya ratsa shi, ya rikiɗe ya zama jijiyar gaɓa. Makonnin farko hannu na cikin takalmin gwiwa, ana buɗe shi kaɗan-kaɗan. Sai gina tsokar kafaɗa da dantse. Wajen wata huɗu zuwa shida a fara jifa mai taushi daga kusa, a riƙa ja da baya har kusan mita 36. Bayan nan a hau tudu, a fara da jifa miƙaƙƙe kafin masu lanƙwasa, sannan wasannin gwaji a ƙananan ƙungiyoyi. Jimla wata 12 zuwa 18. Gudun jifa kan riga saiti dawowa, shi ya sa za ki ga wanda ya dawo yana da ƙarfi amma ƙwallonsa na kauce wa inda ya nufa. Akwai sabuwar hanya da ake gyara jijiyar a ƙarfafa ta da wani zare mai ƙarfi, tana rage watanni, amma sai tsohuwar jijiyar na da sauran lafiya.

Mai sanda kuwa duka ba ya buɗe gwiwar hannu ta wannan gefen kamar jifa. Bryce Harper na Philadelphia ya buga wasannin Oktoban 2022 da yagaggiyar jijiya, yana duka kawai ba ya tsaron fili, ya kai su World Series. An yi masa tiyata a Nuwamba, farkon Mayu ya dawo. Joe Musgrove na Padres kuma ya sauka daga tudu a zagayen farko na 2024, bai jefa ƙwallo a wasa ba a 2025 gaba ɗaya.

Alamun da za ki lura da su a talabijin: gudun jifa ya ragu da kilomita uku ko huɗu ba dalili, majefi na yarfe hannu, ko sanarwar ƙungiya ta ce tsokar hannu ta ɗaure. Wannan kalmar ta ƙarshe sau da yawa ita ce sallamar da ke zuwa kafin hoton asibiti.

A 2024 Freeman da Ohtani duk sun buga da ciwo. Ɗaya ya zama gwarzo, ɗaya ya yi shiru. Ƙarfin zuciya ne ya bambanta su? Daga wani mai karatu a Jos.

A'a, Malam, kuma zalunci ne a auna su da wannan. Lokaci ne ya bambanta su. Freddie Freeman na Dodgers ya yi targaɗe a idon sawun dama a ƙarshen Satumba, daga baya aka san har guringuntsin haƙarƙarinsa ya tsage. Yana duka ta hagu, don haka ƙafar dama ce ta gaba, wadda ake kafawa jiki ya juya a kanta. A zagaye biyun farko ya kasa kafa ta, ya zauna wasu wasannin, bai tsallakar da ƙwallo katanga ko sau ɗaya ba. Sai ya sami kusan mako guda kafin World Series, kumburin ya sauka. A wasan farko da Yankees, zango na 10, tashoshi uku cike, ya tsallakar da ƙwallo ya gama wasan, abin da ba a taɓa yi ba a World Series. Majefin da ya buga wa, Nestor Cortes, shi ma daga jinyar gwiwar hannu ya fito, ya fi wata bai yi wasa ba.

Shohei Ohtani kuwa, shi ma na Dodgers, kafaɗarsa ta hagu ta goce ne a wasa na biyu wajen satar tasha, kwana biyu kacal ya buga na uku. Leɓen guringuntsin da ke riƙe kan ƙashi ya yage, kuma sai da aka yi masa tiyata a Nuwamba. Sa'arsa ita ce kafaɗar baya ce a dukansa, ba ta gaba mai jan sanda ba, shi ya sa ya iya tsayawa. Ya tashi da duka biyu kacal da suka yi nasara cikin 19. Wannan ita ce haɗuwa ta 12 tsakanin ƙungiyoyin a World Series, Yankees na da takwas, Dodgers huɗu.

Tambayoyin da suka dace a kan kowane rauni uku ne: wace gaɓa, wane aiki take yi wa wannan ɗan wasan, kwana nawa da faruwa. Ciwon kwiɓi, alal misali, ba ya jin lallashi, domin duka da jifa duk juyin ƙugu ne, kuma yakan ci makonni. Gwiwa kuma ana iya zagaye ta: Kyle Schwarber na Chicago Cubs ya tsinka jijiyoyi biyu a Afrilun 2016, ya dawo World Series yana duka kawai, ya samu bakwai cikin 17.

Shin gaba kan kai a ji wa mutum ciwo da gangan? Kuma me ya sa ba a sa babban majefi ya yi ta jifa kullum tunda wasannin kaɗan ne? Daga wani mai karatu a Garwa.

Kan kai, Malam, amma doka ta rage. A 2015 Chase Utley na Dodgers ya zame ya doki Rubén Tejada na Mets a tasha ta biyu don hana shi jifa, ƙafar Tejada ta karye. A 2016 aka kafa doka: mai gudu ya fara zamiya kafin tasha, ya iya taɓa ta, ya iya tsayawa a kanta, kada ya sauya hanya don cin karo. Idan ya saɓa, an fitar da shi da mai sanda gaba ɗaya. Cin karo da mai cafka, wato mai cafe jifa a bayan mai sanda, a tashar gida inda ake cin maki ma an taƙaita shi tun 2014, bayan karayar Buster Posey a 2011. Jifan mutum da ƙwallo da gangan kuwa alƙali na iya korar majefi nan take, kuma a Oktoba ba kowa ke yarda ya ba abokin hamayya tasha kyauta ba.

Ta biyun, ana gwadawa, kuma hannu ne ke yanke hukunci. A 2021 San Francisco Giants mai nasara 107 da Dodgers mai 106 suka haɗu a karon farko a wasannin fitar da gwani, tsofaffin maƙwabta tun suna New York kafin ƙaurarsu zuwa Kalifoniya a 1958. Scherzer, wanda a lokacin yake Dodgers, ya buɗe wasa na uku, aka sake kiransa ya rufe na biyar. Dodgers ta wuce. Kwana uku bayan nan ya buɗe wasa da Atlanta, bai cika zango biyar ba, da kansa ya ce hannunsa ya mutu, kuma bai iya fitowa wasa na shida ba, wanda a nan aka kore su. A World Series ta 2025 Yoshinobu Yamamoto na Dodgers ya yi jifa 96 a wasa na shida da Toronto, washegari ya dawo ya ƙarasa wasa na bakwai har zango na 11. Kada a ɗauki na biyun a matsayin hujja a kan na farkon. Bayan daren Yamamoto babu sauran wasa sai bazara, shi kuwa Scherzer zagaye biyu ne ke gabansa lokacin da aka ari hannunsa.